Baƙon Gwaggo a Filin Baba Yara

Ranar 22 ga Janairun 2022 aka jefa ƙuri'a a Duwala, aka haɗa Najeriya da Ghana a wasan ƙarshe na neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Katar. Gida da waje, wanda ya tsira ya tafi, wanda ya faɗi ya jira shekara huɗu. Ko minti goma ba a yi da sanarwar ba wayata ta ɗauki ƙara. Ina ganin lambar ta fara da 233 na san ko waye.

"Bawana," in ji shi, ko sallama babu, "fara haɗa kayanka, ka zo ka sha kuka a gidan ubangidanka."

Taubashina ne, ɗan Gwaggo, yayar mahaifina da ke Kumasi. Tun zamanin wasiƙa da kaset kowa a cikinmu yake cewa ɗayan ne bawa, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Na ce masa wanda Komoros ta kora daga gasar Afirka kwana huɗu da suka wuce bai kamata a ji bakinsa ba, tsibiran da sai a ranar mutane da yawa suka nemo su a taswira. Ya yi shiru. Washegari Tunisiya ta sallamo mu a wannan fili dai na Garwa inda aka kunyata su, ci ɗaya mai ban haushi, ga jan kati an ɗaga wa Iwobi. Da daddare ya sake kira. Bai ce uffan ba, dariya kawai ya yi ta yi har kuɗin wayarsa suka ƙare.

Rabona da Gwaggo tun da ta zo Kano ta'aziyyar mahaifina, kuma duk sallah sai na yi mata alkawarin zuwa. A gida na ce zumunci zan je. Uwargida ta ce ba ta taɓa ganin zumuncin da ake sa wa rana sai ta dace da ranar ƙwallo ba, amma Allah ya kiyaye hanya. Da so samu ne mota zan bi, ta Legas da Seme da Kwatano da Lome, in shiga ta Aflao kamar yadda 'yan kasuwarmu suka saba. To iyakokin Ghana na ƙasa a rufe suke tun Maris ɗin 2020 saboda korona, ba a buɗe su ba sai kwana uku bayan wasan. Dole na fasa asusu na hau jirgi, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Akra, aka zura mini tsinke a hanci a filin jirgin Kotoka kafin a bar ni na fita.

Na kwana a Nima, wata unguwar Akra da in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Fagge kake. Da asuba na fito neman abin karyawa na tarar da layi a gaban wata mai koko da ƙosai. Kokon nan 'yan Ghana gaba ɗaya, har waɗanda ba su jin ko zo in kashe ka, da sunan Hausawa suke kiransa. Ina zaune a benci wani mai shayi ya ji harshena ya ce daga ina? Na ce Kano. Ya yi mini maraba kamar ya san kakana, ya ƙi karɓar kuɗin shayi. Ganin haka na saki jiki, na ce masa to ranar Juma'a mu 'yan gida sai mu haɗa kai mu ga bayan mutanen nan.

Ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Waɗanne mutane?"

Na ce Black Stars mana, 'yan ƙwallon Ghana. Ya nuna mini wani lungu da baki, ya ce a nan unguwar Mohammed Kudus ya tashi, a kan jar ƙasar nan ya koyi buga ƙwallo kafin ya je Ajax. "Yaronmu ne. Kai ka zo ka ce in bar ɗana in bi baƙo? Sha shayinka, Malam, kyauta ne, amma ranar Juma'a ba mu san ka ba." Duk bencin aka kwashe da dariya. Na yi dariyar yaƙe. Gaskiyar magana, tun daga Kano na taho da wani lissafi a raina, cewa duk inda ake Hausa a Ghana akwai 'yan goyon bayanmu a ɓoye, ko da ba za su faɗa a fili ba. Kofin shayi ɗaya ya fara warware mini shi.

Daga tashar Circle a Akra na hau babbar mota zuwa Kumasi, inda za a buga wasan farko. Tafiyar ba ta kai daga Kano zuwa Abuja ba, amma cunkoson fita Akra kaɗai ya ci fiye da awa guda. Nsawam, Suhum, sannan Nkawkaw inda duwatsun Kwahu suke tsaye a kan garin kamar katanga. Ɗan Kano a ƙarshen Maris, wanda ya baro ƙura da busassun dalbejiya, idonsa ba ya gajiya da kallon koren nan: ayaba, kwakwar manja, gonakin koko, da wasu dogayen itatuwa da ban san sunansu ba. Rediyon motar tun daga tashi har sauka magana ɗaya yake yi da Turanci da Tuwi. Ba na jin Tuwi, amma duk bayan 'yan kalmomi sai in ji "Osimhen", sai motar ta ɗauki tsaki. A Konongo yara masu talla suka yanyame tagogi, rabin kayan tallarsu tutoci ne da usur.

Taubashi ya tare ni a tasha da rigar Black Stars, ya kawo mini wata a leda wai kyautar maraba. Muka hau keke mai ƙafa uku, wanda su suke kira paragiya, zuwa Aboabo.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kaina ta daɗe tana kallo, ta ce goshin ƙaninta ne sak. Hausarta ta tsohuwar Kano ce, irin wadda ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata, har yanzu Akra "Ankara" take ce mata. Jikokinta kuwa tasu daban. Ba ruwansu da ƙa da ɗa, kuɗi "kudi" ne, kuma mace ma "ya zo" ake ce mata. Wata 'yar jikarta ta shigo da gudu ta ce "Maama ya ce ka zo ka ci abinci," na tsaya ina neman namijin da ake nufi. Abincin kuwa waakye ne, wato wake da shinkafar nan tamu ce ta je Ghana ta yi arziki, ta dawo ja saboda karan dawa da ake dafa ta da shi, ga taliya, ga garin rogo, ga dafaffen ƙwai, ga baƙin yajin nan shito mai sa mutum hawaye yana ƙarawa.

Da daddare, bayan yara sun watse, ta ba ni labarin da a gidanmu ake gutsura shi kaɗan-kaɗan. Kakanmu falken goro ne, cikin zuriyar da ta gaji hanyar Gwanja tun ana zuwa Salaga da jakuna. Shi a zamaninsa mota ta riga ta zo, ya zauna a Kumasi yana saye yana ɗaurewa a ganye yana turawa Kano. A nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifina. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ta ce mutane sun sayar da gidaje a kuɗin akuya, wasu ko sayarwar ba su samu yi ba, suka bar makulli a hannun maƙwabta. Kakanmu ya kwashi 'ya'yansa maza a bayan babbar mota. Ita ba ta fi wata biyar da aure ba, mijinta Badagombe ne ɗan ƙasa, sai aka bar ta. "Ina tsaye a bakin titi ubanka yana ɗaga mini hannu, yana da shekara goma sha ɗaya, ya sa hular Baba ta rufe masa ido." Ta yi shiru, sannan ta ce shekara goma sha huɗu bayan nan kuma sai ga nasu ana koro su daga Legas da kaya a buhunan leda masu ratsi, a zamanin Shagari, 1983. Ta ga waɗancan sun tafi, ta ga waɗannan sun dawo, duk a titi ɗaya.

Na ce, "To Gwaggo, gobe wa kike goyon baya?"

Ta ce, "Ni ina ruwana da tamaula? Allah ya sa a tashi lafiya. Amma kada ka sa koriyar rigar nan taka a unguwa, ka ji ko?"

Ban ji ba. Da safe na sa ta a ƙarƙashin kaftani.

Juma'a, 25 ga Maris. Tun kafin rana ta fito na fara jin bubuzela, wannan ƙahon roba da aka gado daga gasar Afirka ta Kudu, mai kukan saniyar da aka taka wa wutsiya. Kafin ƙarfe tara duk wata paragiya da tasi da motar haya ta ɗaura tuta, ja da rawaya da kore da baƙin tauraro a tsakiya. Wani mai gyaran babur a bakin layinmu ya shafe jikinsa da fenti tun daga goshi har cibiya, kuma a haka yake kwance ƙarƙashin babur yana aiki. Zafin Kumasi ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake, nasu jiƙa mutum yake, ga hadari yana ta kai-kawo a sama. Kaftani da riga a ciki, kafin hantsi na zama kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Akwai wata majalisa a ƙofar shagon tela inda taubashi yake zama, can ya kai ni don a yi mini taron dangi. Na shirya. Na lissafa musu Osimhen na Napoli, Iheanacho da Lookman na Leicester, Chukwueze na Villarreal, Moses Simon na Nantes, Dennis na Watford, ga Ighalo, ga Sadiq Umar, ga Ahmed Musa. Na ce masu cin ƙwallon da za mu bari a benci sun fi waɗanda za ku fara da su. Ku kuwa kyaftin ɗinku Andre Ayew yana da jan katin Komoros a wuyansa, kocinku Otto Addo na riƙon ƙwarya ne, aronsa aka yi daga Dortmund bayan an kori Rajevac, kuma hukumarku ta ɓoye sunayen 'yan wasa har sai da mako ya kama, kamar mai ɓoye amarya mummuna. Wannan ta ƙarshen ta sa har su suka yi dariya.

Telan bai ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba ya ce, "Ka gama? To tambayi Masar."

Ba sai na tambaya ba. Oktoban 2013, irin wannan wasa na neman gurbin kofin duniya, a wannan fili na Baba Yara da ke Kumasi, Ghana ta zuba wa Masar shida da ɗaya, Masar ɗin Aboutrika. Wannan ne ya sa da aka ce an ɗauke wasan daga Cape Coast, saboda bikin ranar 'yanci na 6 ga Maris ya lalata ciyawar filin can, mutanen Kumasi suka ɗauka Allah ne ya amsa addu'a. A wurinsu Akra garin 'yan gayu ne masu zuwa kallo da tabarau su yi wa 'yan wasansu ihu in an yi kuskure. Kumasi kuwa gidan Asante Kotoko ne, ƙungiya mai tambarin beguwa, masu kirarin in ka kashe dubu, dubu za su taso. Wani ya tuna mini Junior Agogo a 2008, lokacin da suka fitar da mu suna mutum goma. Wani ya ƙara da Asamoah Gyan a Angola, 2010. Na ce Fatakwal fa, 2001, uku da nema? Suka ce ba a haife su ba. Mutumin da ya faɗi haka furfura ta cika masa gemu.

A gefe akwai wani dattijo a kujerar roba yana jan carbi, bai sa baki ba sai da aka ambaci sunan filin. Ya ce da ni, "Yaro, ka san wane ne Baba Yara?" Na ce na san ɗan ƙwallo ne. Ya ce sunansa Usmanu Seidu, kuma yana yaro ya gan shi da idonsa yana gudu a gefen dama na Kotoko, ana ce masa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Daga baya aka ɗauke shi zuwa Real Republikans, ƙungiyar da aka tara zaratan ƙasar a cikinta a zamanin Nkrumah. A 1963 motarsu ta yi haɗari a Kpeve suna dawowa daga wasa, ya samu rauni a ƙashin baya, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba har ya rasu a 1969. Sai a zamanin Kufuor aka sa wa filin sunansa. Dattijon ya nuna ƙirjinsa da carbin. "Filin da ya fi kowanne daraja a ƙasar Asante, sunan Musulmi ɗan'uwanmu ne a kansa. Sannan kai ka zo kana tambaya ko mu 'yan ina ne." Ni ban tambaye shi ba, amma da alama taubashi ya riga ya kai rahoton abin da ya faru da ni a Nima.

Abin da na lura da shi, kuma ya daɗe yana yi mini yawo a kai, shi ne su ba su ga wani abin mamaki a lamarin ba. Ni ne na zo da mamakin. A Zango, wato unguwanni irin su Nima da Aboabo, akwai Bahaushe, akwai Badagombe, Bamoshe, Bazabarme, Bakotokoli, Bafulatani, Bawangare, Hausa ce ta haɗa su kamar yadda kasuwa take haɗa mutane, ba wanda ya ɗauke ta a matsayin fasfo. Matasan ma har wani zafi suke ƙarawa a goyon bayan Black Stars, kuma ina jin na gane dalili: wanda aka taɓa cewa kakansa baƙo ne, shi ya fi kowa ɗaga tuta.

A masallacin Juma'a liman ya yi huɗuba da Larabci ya fassara da Hausa, ya yi addu'ar zaman lafiya, ya roƙa wa ƙasa nasara "a dukkan al'amuranta". Amin ɗin da ta biyo bayan wannan jimla ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Na yi tawa amin ɗin a hankali, da niyyar da ni kaɗai na sani. A sahun gabana na ƙirga mutum shida da rigar ƙwallo tana leƙowa ta wuyan jallabiya.

Ƙarfe bakwai da rabi na dare za a take wasa, agogon Ghana, wato takwas da rabi a Najeriya. Mu ƙarfe biyu da 'yan mintuna muka kama hanya, kuma taubashi yana ta faɗan mun makara. Da ƙafa muka tafi, don daga Asawase zuwa Amakom inda filin yake babu abin hawan da zai iya ratsawa. Titi ya zama kogin mutane. Ƙungiyoyin jama, masu waƙar tsokana da zuga, kowacce da gangunanta da ƙararrawar ƙarfe, mutum ɗaya ya ba da waƙa ɗari su amsa, suna tafe suna rausaya kamar masu aikin gayya. Wani ya ɗauko tukunyar ƙasa a ka hayaƙi yana fita daga cikinta. Wani ya sa wa wata kaza koren ƙyalle yana jan ta da igiya wai ita ce mikiyar Najeriya. Wasu samari huɗu sun ɗauko akwatin gawa na kwali an lulluɓe shi da kore da fari, suna tafe suna kukan ƙarya, mata a bakin titi suna yi musu ta'aziyya. Na so in ji haushi, amma kukan da na gaban yake yi ya ƙware ƙwarai, har da faɗuwa ƙasa ana riƙe shi.

Masu tsire sun jera, su ma kusan duk Hausa suke yi, can ana ce masa cicinga. Na tsaya saye, zafi ya ishe ni, na ɗage kaftani ina fifita. Nan take wani yaro ya ƙwala ihu yana nuna koriyar rigar. Kafin in sauke kaftanin an kewaye ni. Gabana ya faɗi, maganar Gwaggo ta dawo mini. Sai na ga an kafa ganga a gabana, ana waƙa ana nuna ni, wata mata mai jiki ta kama hannuna ta ja ni tsakiyar fili, dole sai na taka. Na taka. Rawar Bakano mai kaftani a tsakiyar jama ba abin da zan so 'ya'yana su gani ba ne, kuma taubashi ya ɗauka a waya daga farko har ƙarshe. Da aka gama wani ya saya mini ruwan leda, wani ya nuna mini yatsu uku a fuska, mai tsiren ya ƙara mini tsinke ɗaya ya ce na jaje ne tun kafin a yi rasuwar.

Tikiti tun a farkon mako taubashi ya saya ta waya, amma shiga sai da ta ɗauke mu fiye da awa guda, ƙirji a bayan wani, wani a bayanka, 'yan sanda a kan dawakai suna tura mutane. A nan takalmina ɗaya ya tsinke, na ƙarasa da shi a hannu. Muna hawa matakala muka ɓullo cikin filin, na tsaya cak. Saura awa uku a fara wasa, amma wurin da ke ɗaukar mutum wajen 40,000 ya kusa cika. Ƙarar ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, har a haƙarƙari. Na sha shiga filin Sani Abacha ranar da Pillars take karɓar Enyimba, na san yadda Kano take rikicewa, don haka ba baƙon hayaniya ba ne ni. Bambancin shi ne a can hayaniyar tawa ce. A nan kowace bubuzela kamar ni take nufi.

Can a wata kusurwa na hango namu. 'Yan ƙungiyar magoya bayan Najeriya, kore da fari, da kakakinsu na Turawa da ganguna, ba su fi cikin cokali ba a wannan taro. Ina ganin kumatun masu busa suna kumbura, amma ko sauti ɗaya bai iso inda nake ba. Duk da haka ba su daina ba. Wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Mutanen da a Legas wataƙila da na ce musu sannu da Hausa sai su kalle ni sama da ƙasa, yau su ne nawa. Wanda kuma muka haɗa kaka da shi, yana gefena yana hura mini ƙaho a kunne.

Magariba ta yi muna ciki. Muka sauka ƙarƙashin matakala inda wasu suka shimfiɗa kwalaye, aka yi alwala da ruwan leda. Wanda ya ja mu sallah ya ɗaura tutar Ghana a wuya kamar mayafi, ni kuma a bayansa na cire kaftani gaba ɗaya, tunda asiri ya riga ya tonu. Muna cikin raka'a ta biyu filin ya ɗauki wani irin ihu har siminti yana rawa, ashe masu tsaron gida ne suka fito motsa jiki. Liman bai ko yi gargada ba, amma surar da ya ɗauko a gajarce take. Da aka sallame wani tsoho a gefena ya miƙo mini hannu, ya dubi rigata, ya ce, "Allah ya ba mai rabo." Na ce amin. Ya ƙara da cewa, "Mu ke nan."

Da 'yan wasanmu suka fito aka yi musu ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Na hango Zaidu Sanusi, ɗan Jega, yana miƙe ƙafa a gefen da muke, na ƙwala masa kira da Hausa har muryata ta dishe, ko waiwaye bai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Aka yi taken Najeriya, na miƙe ni kaɗai a layinmu ina rerawa, ina jin muryata kamar ta sauro. Aka yi nasu. Taubashi, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki wani abu da muhimmanci ba, ya dafe ƙirji ya rufe ido, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ban tsokane shi ba.

Wasan kansa bai kai shirinsa ba. Fatawu Issahaku ya sako wata daga nesa Uzoho ya ture. Bayan hutu Moses Simon ya samu shi da gola Wollacott ya buga masa a jiki, na zauna daɓas na riƙe kai. Can kusa da ƙarshe alƙalin wasa ɗan Maroko ya ba mu bugun fenariti, na yi tsalle na manta inda nake, sai ya je ya duba na'ura ya soke. Wanda ke bayana ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Aka tashi babu ci.

A hanyar komawa kowa yana ikirarin shi ya yi nasara. Ni na ce mun fita daga ramin zaki da ranmu, sai Abuja. Shi ya ce ba a zura musu ko ɗaya a gida ba, kuma duk ƙwallon da suka ci a Abuja ta zama biyu. Na ce mafarki yake. Gwaggo ba ta yi barci ba, tana zaune da fitila a tsakar gida. Ta dubi rigata, ta dubi takalmin da ke hannuna, ta ce a kawo mini tuwo.

Ranar Lahadi na taho. Ta cika mini buhu da goro ɗan Asante a cikin ganye, da garin rogo, da kwalabe biyu na shito, ta ce in kai wa matan gida. Buhun irin mai ratsin nan ne, wanda muke kira Ghana Must Go. Ni da ita muka dube shi, ba wanda ya ce komai.

Na yi niyyar wucewa Abuja ranar Talata, in bi ta Kaduna in hau jirgin ƙasa. Daren Litinin 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari a hanyar Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane aka sace da dama. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar tafiya a gidanmu. A gidan kallo na unguwa na zauna, jiki a sanyaye. Minti goma Partey ya buga wata da ba ta da wani ƙarfi ta sulale ta ƙarƙashin Uzoho. Troost-Ekong ya farke da fenariti a minti na 22, daga nan muka yi ta kai hari har aka busa tashi, ɗaya da ɗaya. Ƙwallon waje ta zama biyu, kamar yadda ya faɗa.

Kafin in isa gida na tarar da kira goma sha ɗaya daga lambarsa. Ban ɗauka ba. Ina cire takalmi wayar ta sake ƙara, wannan karon lambar Gwaggo ce. Na gyara murya, na yi sallama da ladabi, na ce, "Gwaggo, barka da dare."

Sai na ji bubuzela.